Dishewar Murya Mai Naci: Tsakanin Zuma, Kemis, Wanzami da Asibiti

A hunturun da ya wuce, wani malami da muke haɗa sahu da shi a masallacin unguwarmu ta Tudun Jukun ya yi mura irin wadda kowa yake yi idan hazo ya sauko. Murar ta tafi bayan kwana biyar, amma ta tafi da muryarsa. Mutum ne da yake koyarwa a firamare da safe, bayan la'asar ya zauna gaban yaran Islamiyya yana biya musu karatu da ƙarfi, idan liman ya yi tafiya kuma shi ake turawa gaba. Sai da ya shafe mako bakwai yana magana kamar ana jan buhu a kan siminti, kuma a cikin wannan lokaci ya tara likitoci a ƙofar masallaci fiye da kima. Wannan ya ce, "Malam, zuma da citta da lemun tsami, safe da yamma." Wancan ya ce ya je kemis a haɗa masa kafso da deksa, wato ƙwayar sauke kumburi, kwana biyu sun isa. Wani dattijo ya sa shi ya buɗe baki, ya leƙa, ya ce, "Belu ne ya sauko, a kira wanzami." Wani da ya taɓa fama da olsa ya rantse cewa daga ciki abin yake tasowa. Mutum ɗaya ne ya ambaci asibitin koyarwa na Shika, shi ma ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ce ya yi wa malam mugun baki. Waɗannan su ne hanyoyin da duk mai dishewar murya a Zariya yake samu a gabansa, kuma ba daidai suke ba wajen amfani ko wajen haɗari.

Kafin a auna su, ya kamata a san wurin da ciwon yake. A bayan zakaran wuya, a saman bututun da iska take bi zuwa huhu, akwai waɗansu 'yan leɓɓa biyu na nama mai laushi, tsawon kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Idan mutum yana numfashi sukan buɗe, idan zai yi magana sai su haɗu, iskar da take fitowa daga huhu ta riƙa kaɗa su, sama da sau 100 a daƙiƙa guda a wajen namiji, kusan sau 200 a wajen mace. Wannan kaɗawa ita ce murya. Duk abin da ya kumbura leɓɓan nan, ko ya busar da su, ko ya tsiro a kansu, ko ya hana ɗayansu motsi, sakamakonsa a kunne kusan iri ɗaya ne: murya ta dishe, ta yi kauri, ta riƙa yankewa a tsakiyar magana. A nan ne wahalar take, domin kunne ba ya iya rarrabe kumburin mura da farkon ciwon daji, kuma leƙa baki da tocila ba ya nuna leɓɓan, sun yi ƙasa da inda ido yake kaiwa.

Dishewar da take biyo bayan mura, wadda ƙwayar bairos take haddasawa, takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko an sha magani ko ba a sha ba. Idan ta zarce mako uku, likitoci sukan daina ɗaukarta a matsayin ragowar mura, su kira ta mai naci. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2018, ta ce duk dishewar da ta kai mako huɗu ba ta yi sauƙi ba a duba leɓɓan murya da ido, alhali a ƙa'idojinta na 2009 ta yarda a jira har wata uku. A Ingila kuma, wanda ya kai shekara 45 yana fama da dishewa mai naci da ba a san dalilinta ba, tura shi ake yi da gaggawa wajen ƙwararre. Ashe ke nan kwanakin da ciwon ya yi su ne ma'auni na farko: maganin da ya dace da rana ta huɗu yana iya zama ɓata lokaci a mako na shida.

Dalilan dishewa mai naci suna da yawa, amma wanda ya fi kowanne yawa a gari irin namu shi ne aikin da ake sa muryar. Malamin aji mai yara fiye da yadda murya ɗaya za ta ɗauka, da ladan, da alaramma mai jan baƙi a tafsirin azumi, da ɗan kamasho mai kiran Kaduna da Kano a Kwangila, da mai talla a kasuwar Sabon Gari, da uwa mai kwala wa yara kira daga tsakar gida zuwa waje, dukkansu suna buga leɓɓan nan da juna da ƙarfi tun safe har dare. Yadda fartanya take sa hannun manomi ya yi kanta, haka leɓɓan suke yin kanta a daidai wurin da suke haɗuwa, sai su kasa rufuwa sosai, iska ta riƙa yoyo. A kan wannan sai a ƙara abin da ake shaƙa: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hayaƙin itace a madafa marar taga, hayaƙin janareto, turaren wuta a ɗaki rufe, da uwa-uba taba sigari da shisha. Akwai kuma majinar da take gangarowa daga bayan hanci ga masu yawan atishawa da toshewar hanci, wadda take sa mutum gyaran murya ba dare ba rana.

Sai kuma dalilan da suke ɓuya. Ruwan ciki mai tsami yakan hauro har maƙogwaro, musamman da dare, kuma da yawa daga masu wannan matsala ba sa jin ƙwannafi ko kaɗan. Abin da suke ji shi ne kamar wani abu ya tsaya musu a wuya, da murya mai nauyi da asuba wadda take ɗan sakewa idan rana ta ɗaga. Masu asma da suke shaƙar maganin hana kumburi kullum, idan ba sa kurkure baki bayan sun shaƙa, wani farin fangas yakan kama musu maƙogwaro. Tarin fuka yakan hau har leɓɓan murya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da take cikin waɗanda suka fi yawan masu cutar a duniya. Jijiyar da take motsa leɓɓan tana bi ta gefen maƙoƙo, ta ɓangaren hagu ma sai ta gangara cikin ƙirji kafin ta dawo sama, saboda haka tiyatar maƙoƙo ko wani ƙari a ƙirji yana iya kashe leɓe ɗaya. A ƙarshe akwai ciwon daji na maƙogwaro, wanda ya fi kama maza masu shan taba da giya, wanda kuma sau da yawa alamarsa ta farko, ta tsawon watanni, ba ta wuce dishewar murya ba tare da zafi ba.

To, mu fara da hanyar gida, tunda da ita kowa yake farawa. Zuma da citta da kanumfari da masoro da lemun tsami a ruwan ɗumi suna da araha, suna sanyaya kaikayin maƙoshi, zuma kuma tana rage tari, in dai ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ne, wanda ba a ba shi zuma sam. Amma akwai wata gaskiya da masu ba da shawara ba su cika sani ba: abin da aka haɗiye ba ya taɓa leɓɓan murya. Hanyar abinci dabam, hanyar iska dabam, kuma a lokacin haɗiya wani murfi yakan rufe hanyar iska ruf. In da zuma za ta kai ga leɓɓan, da mutum ya ƙware ya yi ta tari har hawaye. Amfanin haɗin nan yana cikin ruwan da aka sha da shi, domin jikin da ya ƙoshi da ruwa shi ne yake fitar da santsin da leɓɓan suke bukata. Ga wanda matsalarsa hauhawar ruwan ciki ce kuwa, lemun tsami da citta mai yawa da masoro a daren kwanciya ƙara wa wuta fetur ne. Alewar minti ma haka take, tana sa a ji sanyi har a ɗauka an samu sauƙi, sai mutum ya ci gaba da ɗaga murya a kan nama mai kumburi.

Abin da ya fi ƙarfi a hanyar gida shi ne wanda ba a saye, shi ya sa ake raina shi. Sirace da ruwan zafi zalla, minti goma, ba tare da an zuba masa man zafi ba, yana kaiwa ga leɓɓan kai tsaye, domin shaƙarsa ake yi, sai dai a kula da yara kada tukunyar ta kife musu. Rage magana ya fi sirace. Ba ana nufin mutum ya zama bebe na wata guda ba. Ana nufin ya daina kira daga nesa, ya daina gasa da ƙarar janareto ko hayaniyar kasuwa, ya riƙa yin shiru na 'yan mintuna bayan kowane darasi. Raɗa, wadda mutane suke zaton hutu ce, takan sa a matse maƙogwaro fiye da magana a hankali, don haka gara a yi magana ƙasa-ƙasa da cikakkiyar murya. Gyaran murya da kakarin kaki su ne mafi muni, domin kowane "ehem" mari ne leɓe yake yi wa ɗan'uwansa. Kurɓar ruwa ko haɗiyar yawu suna biyan bukatar ba tare da ɓarna ba. A ganina, ga malami ko mai wa'azi, 'yar lasifikar nan da ake ratayawa a ƙugu ta fi kowace kwalbar zuma daraja, kuma takan daɗe fiye da ita. Wannan hanya ta isa a makonni biyu ko uku na farko, ba ta da wata illa, amma ba ta da abin da za ta yi wa tarin fuka ko ƙari.

Hanyar kemis ita ce mafi sauri, kuma ita ce ta fi yaudara. Mutum zai tsaya a gaban kanta ya nuna wuyansa, yaron shago ya ce, "Alhaji, na nawa za a haɗa?" sai a ƙirgo Ampiclox ko Amoxil na kwana biyu ko uku a ƙulla a leda. Kafso irin waɗannan bakteriya suke kashewa, alhali dishewar mura ta bairos ce, ta kantar leɓɓa kuma ta gogayya ce, ta ruwan ciki ta ƙuna ce. Babu ɗaya daga cikin ukun da kafso yake da aiki a kanta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan manya masu dishewar mura ba su nuna cewa maganin yana gyara muryar yadda za a iya aunawa ba, shi ya sa ƙa'idojin Amurka da na ambata suka hana a riƙa rubuta shi haka kawai. Wanda ya sha ya warke a kwana na shida, da ma ranar warkewarsa ce ta zo. Abin da ya saura masa shi ne gudawa ko ƙaiƙayi, da ƙwayoyin cuta da suka fara sabawa da maganin, kuma idan fangas ne ya kama shi, kafso yana ƙara masa ƙarfi ne.

Deksa da firednisolon sun fi kafso haɗari, saboda su suna aiki. Suna sauke kumburi cikin kwana ɗaya ko biyu, murya ta dawo garau, mai ita ya ce ya samu magani. Shi ya sa suka shiga hannun masu jan baƙi da mawaƙa da masu gabatar da taro, waɗanda ba su da damar yin shiru. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki, bayan ya ga leɓɓan ya tabbata kumburi ne kawai, ga wanda yake da wani babban aiki na murya da ba zai ɗagu ba. Shan su bisa shawarar aboki wani abu ne dabam. Dalilin dishewar yana nan bai motsa ba, an dai toshe masa baki ne, mutum kuma ya koma yana ɗaga murya a kan leɓɓan da suke da rauni, har wata 'yar jijiya ta fashe jini ya kwanta a ciki. Maganin yana tayar da sukari da hawan jini, yana cin bangon ciki, yana raunana garkuwar jiki, wanda hakan yake buɗe wa tarin fuka da fangas ƙofa. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a yarda ya daina rana ɗaya ba, sai an riƙa rage masa a hankali. Idan aka ce in zaɓi hanya ɗaya da zan hana ɗan'uwana bi a cikin waɗannan, bayan ta wanzami, wannan ce.

Maganar wanzami ba ta bukatar dogon bayani. Belu, ko hakin wuya, wani ɗan nama ne da yake reto a ƙarshen ganɗa, can cikin baki, kowa yana iya ganinsa a madubi, kuma ganin nan da ake yi masa shi ya ja masa laifin da ba nasa ba. Leɓɓan murya suna can ƙasa da shi da nisa, ba su da wata mahaɗa da shi. Idan wanzami ya kwance zabira, ya danne harshe da ɗan itace, ya sa 'yar askarsa mai lanƙwasa ya yanke belu, bai taɓa inda ciwon yake ba. Abin da ake iya samu shi ne zubar jini mai wuyar tsayawa, da ruɓewar wurin, da sandarewar jiki ta tetanus, da ciwon hanta ko ƙanjamau idan askar ta bi bakin wani kafin naka. Wanda ya ce ya samu sauƙi bayan yankan, mai yiwuwa zafin miki ne ya tilasta masa yin shiru na kwana goma, shirun nan kuma kyauta ne. Garin neman gira ake rasa ido.

Hanyar maganin ruwan ciki ita ce ta fi wuyar yanke wa hukunci, domin tana da gaskiya rabi. Omeprazole da 'yan'uwansa suna rage tsamin ciki ƙwarai, kuma ga wanda yake da dishewa tare da ƙwannafi na fili, da gyatsa mai tsami, da ɗaci a baki da asuba, gwada su abu ne mai ma'ana, muddin an sha yadda ya kamata: minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kullum, na tsawon wata biyu zuwa uku, domin maƙogwaro ya fi ciki jinkirin warkewa. Shan ƙwaya ɗaya duk ranar da aka tuna ba gwaji ba ne. Sai dai ga wanda ba shi da waɗannan alamu, hujjar ta yi rauni. A wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2021, an raba mutum 346 masu matsalar maƙogwaro mai naci gida biyu, aka ba wasu lansoprazole na mako 16, wasu kuma aka ba su ƙwaya marar magani, kuma a ƙarshe ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Abin da ya fi tabbas, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne gyaran al'ada: a bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, a rage yaji da maiƙo da lemun kwalba da shayi mai kauri da goro da daddare, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar kamu guda maimakon tara matasai, a rage teɓa. A watan azumi abin yakan tsananta ga waɗanda suke cika ciki da sahur su koma barci nan take bayan asuba, sannan su wuni maƙoshi a bushe su hau kujerar karatu da la'asar. Babban haɗarin wannan hanya shi ne wata ukun da take ci: mai shan taba ɗan shekara hamsin da ya zauna yana jiran omeprazole ya yi aiki, ya ba wa abin da yake tsoro lokacin girma.

Hanya ta ƙarshe ta bambanta da sauran a abu ɗaya, wato ita ce kaɗai take farawa da gani. A 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel Garcia, ya sa ɗan ƙaramin madubi a bayan bakinsa da hasken rana ya ga leɓɓan muryarsa suna motsi, kuma har yau likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna amfani da irin wannan madubi. Wanda ya fi shi nuna komai shi ne wani siririn bututu mai lanƙwasuwa, mai fitila a baki. Ana fesa wa mutum maganin kashe zafi a hanci, yana zaune a kujera ido biyu, a zura bututun a hankali har ya leƙa saman leɓɓan, likita ya ce, "Malam, ce iiii," a ga yadda suke haɗuwa. Ba ya wuce 'yan mintuna, yana sa ƙwalla da jin ɗaci, amma babu yanka babu allurar barci. A Zariya ana samun waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aikinta ya haɗa da hanci da maƙogwaro. Wanda ya fara da babban asibiti irin na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan yana iya neman takardar turawa. Idan akwai tari na mako biyu ko fiye, da zazzaɓin dare da gumi da rama, gwajin kaki shi ne farko, kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan kusa a Saye. Maganin na wata shida ne, kyauta ake ba da shi, muryar kuma takan dawo tare da lafiyar huhu.

Abin da aka gani shi yake zaɓar magani, kuma a nan ne ake gane cewa tiyatar da mutane suke gudu ba ita ce ta fi yawa ba. Kanta, idan ba ta tsufa ba, takan narke da rage ihu da koyon fitar da murya daga numfashin ciki maimakon matse wuya. Masu koyar da wannan ba su da yawa a ƙasar nan, amma likitan yakan nuna abubuwan farko. Fangas yana tafiya da maganinsa na mako ɗaya zuwa biyu da kurkure baki bayan shaƙar maganin asma. Kumburin da taba take kawowa, wanda yake mayar da muryar mace kamar ta namiji, ba ya tsayawa sai an bar tabar. Ƙullutu mai reto a leɓe ɗaya, da ƙananan tsiro masu kama da kan farin kabeji da suke dishe muryar yara har su toshe musu numfashi, su ne suke bukatar a cire, kuma ta baki ake shiga da madubin ƙara girma, ba a tsaga wuya, sai a yi shiru na 'yan kwanaki bayan aikin. Idan kuwa an ga abin da ake zargi, za a ɗebi ɗan nama a auna. Dajin da aka kama yana kan leɓen murya bai yaɗu ba, kusan tara cikin goma na masu shi suna warkewa da gashin na'ura ko ƙaramar tiyata, kuma su ci gaba da magana. Wanda ya zo bayan numfashi ya fara toshewa, sau da yawa sai an huda masa wuya, wani lokaci a cire maƙogwaron gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye nauyin wannan hanya ba. Akwai kuɗin mota da na kati da na dubawa, akwai sammako da bin layi kamar a kowane babban asibiti, akwai wunin da ɗan kasuwa zai yi shagonsa a rufe, kuma mai yiwuwa a ƙarshe a ce masa ya je ya huta ya sha ruwa, ya dawo yana ganin an ɓata masa rana. Amma idan aka tara kuɗin zuma da kafso da deksa da omeprazole na wata biyu, waɗanda aka saya bisa zato, sau da yawa ba su gaza kuɗin dubawa sau ɗaya ba. Matashin da ba ya shan taba, wanda muryarsa ta dishe bayan mura ko bayan ihun kallon ƙwallo, ya yi mako biyu zuwa uku a kan ruwa da sirace da rage magana, ba shi da bukatar kemis. Mai ƙwannafi na fili yana iya haɗa gyaran cin abinci da maganin ruwan ciki, amma ya sa wa kansa rana. Wanda muryarsa ita ce jarinsa, kada ya jira mako huɗun ma su cika. Mai shan taba ko giya, da wanda ya haura shekara 45, da wanda muryarsa ta canja bayan tiyatar wuya, su ba su da zaɓi biyu. Haka nan wanda ya ga jini a kaki, ko ƙullutu a wuya, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko kunne ɗaya yana masa ciwo alhali kunnen lafiya lau, ko yana ramewa ba dalili, ba ya ƙirga makonni. Idan kuwa numfashi ya fara fita da ƙara kamar usur, musamman ga yaro, wannan na sashen gaggawa ne a daren nan.

Malamin namu ya bi biyu daga cikin hanyoyin kafin ya bi ta ƙarshe. Ya sha zuma har ta gundure shi, ya sha deksa sau biyu, kowane karo muryar ta dawo kwana huɗu ta sake ɓacewa, wanzami kuwa uwargidansa ce ta hana. Da aka zura masa bututun, aka nuna masa 'yan farare biyu suna fuskantar juna a tsakiyar leɓɓan, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Ba a rubuta masa ko ƙwaya ɗaya ba. Ya sayi 'yar lasifika, ya ajiye gorar ruwa a gefen buzunsa, ya naɗa manyan ɗalibai biyu su riƙa biya wa ƙanana, ya kuma roƙi a ɗauke masa limancin sallolin da ake karatu a bayyane na wata biyu. Yanzu muryar ta dawo, sai dai ranar Laraba da yamma, ƙarshen makon karatu, takan ɗan yi kauri, kuma an ce masa ya koma a sake dubawa kafin hunturu ya shigo.